Yadda ake zaɓen ƙwan lantarki na gida: jan ƙwai, fulorasan ko LED

A gidaje da yawa, idan ƙwan ɗaki ya mutu, yaro ake ba kuɗi a ce ya je shago ya sayo "mai haske sosai". Abin da mai shago ya miƙo shi ake ɗaurawa, bayan wata biyu ya mutu, a sake aike. Ga kuɗin ƙwai, ga yunit na zurarewa a mita, ga man janareta, kuma ɗakin bai taɓa samun hasken da ya dace da shi ba. Alhali kusan duk abin da mai saye yake bukatar sani yana rubuce a jikin kwali, lambobi ne uku zuwa huɗu. Wanda ya iya karanta su ya huta da wannan asara.

Ka fara sanin su ukun

Jan ƙwai shi ne na dauri, mai siririyar waya a cikin gilashi. Wayar ta ƙarfen tangistin ce. Wuta na bi ta cikinta, ta yi zafin da ya haura digiri 2,000, sai ta yi haske. Tun wajajen 1879, zamanin Thomas Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila, ake kan wannan dabara. Illarsa ita ce kashi 90 cikin ɗari ko fiye na wutar da yake ci zafi take zama, ɗan abin da ya rage ne haske. Shi ya sa ba ya taɓuwa idan ya jima a kunne. Rayuwarsa kuma ba ta wuce awa 1,000.

Fulorasan iri biyu ne a wajenmu. Akwai dogon ƙwai mai tsawon ƙafa huɗu, mai wat 36 ko 40, wanda ke aiki da cok da sitata, wato ƙananan na'urori biyu da ke tayar da shi. Akwai kuma ƙaramin mai murɗaɗɗen gilashi, wanda ake kira enaji. Dukkansu akwai tururin zaiba a ciki. Wuta na ratsa tururin, ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, sai farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ta mai da shi hasken da muke gani. Enaji na cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da jan ƙwai ke ci, mai kyau kuma yakan kai awa 6,000 zuwa 10,000. A zamaninsa ya yi rana: a 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Ghana ta raba irinsa miliyan 6 kyauta don mutane su cire jan ƙwai.

LED ba shi da wayar da ke ƙonewa, ba shi da tururi. Wasu ƙananan 'ya'ya ne jere a kan faranti suke ba da haske kai tsaye idan wuta ta shige su. Abin da ya buɗe ƙofar samun farin LED shi ne ƙirƙiro shuɗin LED, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. A gindin kowane ƙwan LED akwai wata 'yar na'ura da ake kira direba, ita ke juya wutar gida zuwa irin wadda 'ya'yan suke iya ɗauka. Ka riƙe wannan direba a ranka, don yawanci ita ce ke mutuwa ba 'ya'yan ba. LED mai inganci yana kai awa 15,000 zuwa 25,000.

Ra'ayina a fili yake: a ɗaki da falo da kicin da tsakar gida, LED za ka sa. Sai dai kasuwa cike take da LED na banza, don haka aikin yana wajen gane wanne.

Mataki na 1: duba holda kafin ka fita

Holdar gidajenmu iri biyu ce. Mai fin, wadda ake danna ƙwai a ɗan murɗa ya kama, ita ce B22 a jikin kwali. Mai zare, wadda ake murɗawa har ƙarshe, ita ce E27. Wasu fitilun ado suna da ƙaramar mai zare, E14. Mafi sauƙi, cire mataccen ƙwan ka tafi da shi shago. Idan ka ga holdar ta yi baƙi, ko ta tsage, ko ƙarfen cikinta ya saki, canza ta a lokaci guda. Holda mai rawa tana tartsatsi a ɓoye, tana kashe sabon ƙwai.

Mataki na 2: daina sayen haske da wat

Nan ne aka fi yin kuskure. Wat ma'aunin cin wuta ne. Ma'aunin haske shi ne lumen, ana rubuta shi "lm". Da can, da jan ƙwai kaɗai ake da shi, wat ya isa shaida, kowa ya san mai 100 ya fi mai 60 haske. Yanzu ƙwai biyu na iya zama wat 9 dukkansu, ɗaya ya ninka ɗaya haske.

Ga kwatanci na kusa:

- lumen 450: jan ƙwai wat 40, enaji wat 9 zuwa 11, LED wat 5 zuwa 6
- lumen 800: jan ƙwai wat 60, enaji wat 13 zuwa 15, LED wat 8 zuwa 10
- lumen 1,100: jan ƙwai wat 75, enaji wat 18 zuwa 20, LED wat 11 zuwa 13
- lumen 1,500: jan ƙwai wat 100, enaji wat 23 zuwa 25, LED wat 14 zuwa 16

Dabara ɗaya da za ta raba ka da jabu tun kafin a buɗe kwali: raba lumen da wat. LED na kirki yana ba da lumen 90 zuwa 120 a kowane wat. Idan kwali ya ce wat 9, lumen 850, lissafi ya yi daidai. Idan ya ce wat 30 amma ƙwan bai fi girman lemon tsami ba, ko kuwa babu lumen a jiki gaba ɗaya, mayar masa da abinsa. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba ya ɓoye wannan lamba.

Mataki na 3: auna ɗakin

Ɗakin da magina ke cewa sha biyu a sha biyu, faɗinsa kusan murabba'in mita 13 ne. Don zama da hira, kowane murabba'in mita yana son lumen 100 zuwa 150. Ke nan irin wannan ɗaki na bukatar lumen 1,300 zuwa 2,000. Kicin, da wurin ɗinki, da inda yara ke bitar karatu, suna son ninkin haka, wato 300 ko fiye a kowane murabba'in mita. Zaure da baranda da banɗaki, LED mai wat 5 zuwa 7 ya wadatar.

Abu biyu ke canza wannan lissafi. Bango mai duhun fenti da labule masu kauri suna shanye haske, sai ka ƙara kaɗan. Silin mai tsawo ma haka.

Kuma ƙwai biyu matsakaita sun fi ƙato ɗaya. Ƙato ɗaya a tsakiyar ɗaki yana kashe ido, yana barin kusurwoyi cikin duhu, kuma duk wanda ya juya masa baya inuwarsa ce za ta faɗa kan abin da yake yi. Matar da ke yanka albasa a kan tebur, fitila na bayanta, a cikin inuwar kanta take aiki da wuƙa. A sa mata ƙaramin ƙwai a saman wurin aikin, ya fi a ƙara girman na tsakiya. Idan kowanne da makunninsa, sai a kunna wanda ake bukata kawai.

Mataki na 4: zaɓi launin haske

Za ka ga lamba mai harafin K a ƙarshe. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja-ja, irin na tsohon ƙwai. 4000K fari ne mai taushi. 6500K fari ne fat, har da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma shi ya fi yawa a shagunanmu, don mutane na ganin kamar ya fi haske. Lumen ɗinsu na iya zama ɗaya, launi ne ya bambanta.

A ɗakin barci na fi son 2700K ko 3000K. Haske mai shuɗi da dare yana jinkirta barci, musamman ga yara. Falo, 3000K ko 4000K, gwargwadon ra'ayin masu gida. Kicin da wurin karatu, 4000K zuwa sama. Wurin da kuwa na fi nacewa a kansa shi ne tsakar gida da ƙofar ɗaki da damina. Ƙwari sun fi bin haske mai shuɗi da kuma wannan ɓoyayyen hasken da fulorasan ke ɗan fitarwa. Duk wanda ya ga yadda shinge ke yin dandazo a gindin dogon ƙwai bayan ruwan farko ya san zancen. LED mai ja-ja ba ya korar su duka, amma yana rage su sosai. Idan da hali ma, a matsar da fitilar nesa da ƙofa, ta hasko ƙofar daga can.

Akwai wata lamba da ba kowa ke kula da ita ba, CRI ko Ra. Tana nuna yadda haske ke fito da launin kaya na gaskiya. 80 ya isa zaman gida. Amma tela, da mai ɗinkin hula, da mai zanen lalle, da mai sayar da atamfa da shadda, su nemi 90. A ƙarƙashin ƙwai mai ƙaramin CRI, zare ruwan toka da ruwan ƙasa na iya rikicewa, sai da safe a ga an haɗa abin da bai haɗu ba.

Mataki na 5: yi la'akari da irin wutar unguwarku

Wutar gida a Najeriya da Nijar ya kamata ta tsaya wajen volt 220 zuwa 230, wato ma'aunin ƙarfin wuta da ake rubutawa da harafin V. Kowa ya san ba kullum take tsayawa nan ba. Wata unguwar da magariba wuta kan yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wata kuma tsakar dare takan zo da ƙarfin da ya wuce kima.

Kowane ƙwai da yadda yake amsa wannan. Jan ƙwai idan wuta ta yi ƙasa sai ya koma ja kamar garwashi. Idan ta haura kuwa ransa gajeruwa yake: ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai, idan ya dore, yana iya rage rayuwarsa da kusan rabi. Dogon ƙwai mai cok ba ya tashi sam idan wuta ta yi rauni, sai ƙifta-ƙifta, kuma kowace ƙiftawa tana cinye shi da sitatarsa. LED kuwa ya danganta da direbarsa.

Don haka nemi lambar da ke da harafin V. Idan an rubuta 220–240V, ƙwan na son tsayayyiyar wuta. Idan an rubuta 170–265V, ko 100–240V, ko 85–265V, direbar na iya riƙe haske daidai ko wuta ta sauka ko ta hau. Ga mai zaune inda wuta ke wasa, ko mai amfani da ƙaramin janareta, wannan lamba ta fi sunan kamfani muhimmanci, kuma ta cancanci ƙarin kuɗin da za a ɗora mata.

Masu sola su lura da kyau. Idan gidan na da inbata, ƙwan LED na yau da kullum za a sa. Idan kuwa wayoyin fitila kai tsaye suke fitowa daga batir, ƙwai mai 12V DC ake bukata. Kada a sa mai 12V a holdar wutar NEPA, nan take zai ƙone, yana ma iya fashewa. Gidan da ke da layi biyu, a yi wa holdojin alama.

Akwai kuma LED mai caji, wanda ke da ɗan batir a ciki, ya ci gaba da haske na 'yan awanni bayan an ɗauke wuta. Yana da amfani a zaure, da banɗaki, da ɗakin tsofaffi ko mai jego. Sai dai batirinsa kan gaji tun kafin ƙwan, kuma yana cajin kansa ne idan makunni na kunne. Ɗaya ko biyu a gida sun isa.

Mataki na 6: yi lissafin wata, ba na ranar saye ba

Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Lissafin: wat sau awa sau kwana, a raba da 1,000.

A ce gida na da ƙwai 10, kowanne yana ci awa 5 a dare, kwana 30. Jan ƙwai mai wat 60: yunit 90. Enaji mai wat 15: yunit 22.5. LED mai wat 9: yunit 13.5. Hasken dukkansu ɗaya ne, lumen 800 kowanne. Da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ƙara wa masu layin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, kuɗi a watan Afrilun 2024, yunit ya kai naira 225. Ko da naira 200 muka yi lissafi don sauƙi, jan ƙwai zai ci naira 18,000 a wata, enaji 4,500, LED 2,700. Duba rasit ɗinka na KEDCO ko NIGELEC ko duk kamfanin da ke ba ku wuta, ka sa naka farashin a wurin.

Ga mai batir, bambancin ya fi fitowa. Batir mai 12V 200Ah yana ɗauke da kusan wat-awa 2,400, kuma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 1,200. Jan ƙwai goma za su shanye wannan cikin awa 2. LED goma za su kai ka kusan awa 13, daga magariba har asuba. Ƙaramin janaretan nan da ke ɗaukar wat 600 da ɗoriya, jan ƙwai goma kaɗai sun cika masa kaya, babu fanka babu talabijin. Kada kuma a manta da zafin: wat 600 na jan ƙwai a cikin gida a watan Afrilu, murhu ne ka kunna, fanka na fama da shi.

Idan kuɗi bai isa a canza duka ba, fara da waɗanda suka fi daɗewa a kunne: fitilar waje da ke kwana tana ci, sai falo, sai kicin. Na sito da ake kunnawa minti biyu a rana zai iya jira.

Mataki na 7: a gaban mai shago

Kada ka ce "ba ni mai haske". Ka ce: "Malam, LED nake so mai fin, lumen 800 zuwa 900, 3000K, wanda ke aiki ko wuta ta yi ƙasa." Mai shago na jin haka zai san da wa yake ciniki.

Ɗauki ƙwan a hannu. Wanda ke da ɗan nauyi a gindi yawanci akwai alminiyom a ciki mai janye zafi daga 'ya'yan da direba. Wanda ka ji shi fayau, roba zalla, zafi zai taru a ciki. Nauyi ba hujja ba ce ita kaɗai, amma alama ce. Duba ko abin da aka rubuta a kwali shi ne a jikin ƙwan. Sannan ka ce a gwada. Kusan kowane shagon kayan wuta, daga na unguwa har na Kasuwar Sabon Gari a Kano, yana da holdar gwaji a gefen kanta. Da an kunna, buɗe kyamarar wayarka ka haska shi. Idan ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar waya, ƙwan na ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa, alamar an yi rowar kaya a direba. Irinsa kan gajiyar da ido, wasu har ciwon kai yake sa su. Ka kuma kai kunne kusa, mai kyau ba ya ƙara.

Tambayi garanti. "Alhaji, in ya mutu kafin wata shida, za ka canza mini?" Masu sayar da na kirki sukan yarda, su rubuta kwanan wata da maka a gindin ƙwan. Ajiye kwalin da rasit. Idan ƙwai da yawa za ka saya, sayi biyu tukuna ka gwada mako guda a gida, sannan ka koma ka ɗauki sauran iri ɗaya, don kada falo ya zama rabi fari rabi ja.

Mataki na 8: ɗaurawa

Kashe makunni, hannu a bushe, a tsaya kan abin da ba ya rawa. Idan jan ƙwai ko enaji za ka cire, bari ya huce.

Babban abokin gabar LED zafi ne. Kada a kulle shi cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, sai in an rubuta ya dace da hakan. A ɗakin kwano marar silin, a sauko da holdar ƙasa kaɗan daga rufin. Fitilun da ake binnewa cikin silin POP suna bukatar sarari a samansu. Na waje da na banɗaki, a nemi mai alamar jure ruwa ta IP44, inda ruwan sama ke dukansa kai tsaye kuma IP65. Makunni mai rage haske da ƙara shi ba ya aiki da kowane LED, sai wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ana iya rage shi.

Idan ka kashe makunni amma LED ya ci gaba da ɗan haske ko yana ƙiftawa jefi-jefi, ba lallai laifin ƙwan ba ne. Sau da yawa makunnin an ɗora shi a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, ita kuwa mai wutar tana zuwa holda kai tsaye. Wannan haɗari ne, don holdar na da wuta ko a kashe take. Kira mai wayarin ya gyara.

Tsofaffin ƙwayayen fa?

Dogon ƙwai yana da madadinsa na LED mai tsawo ɗaya, wat 16 zuwa 20 a maimakon 36 ko 40. Wani irin yana shiga tsohon gida da cok ɗinsa, sitata kawai za a canza. Wani kuma sai an cire cok an haɗa waya kai tsaye. Takardar da ke cikin kwali za ta faɗi wanne ne, kuma aikin na mai wayarin ne.

Enajin da ke aiki, ba sai ka jefar ba. Bar shi inda ake kunnawa a daɗe, don yawan kunnawa da kashewa ne ke kashe shi da wuri. Amma in ya mutu kada ka sayi wani. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba sun amince a daina ƙera shi da shigo da shi daga ƙarshen 2025, dogon ƙwai kuma zuwa 2027, kuma ƙasashen Afirka ne suka gabatar da wannan buƙata.

Zaibar da ke cikinsa 'yar kaɗan ce, miligiram ƙalilan, amma guba ce, ta fi illa ga yara da masu ciki. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da kowa, a kashe fanka, a buɗe taga da ƙofa, a bar ɗakin minti 10 zuwa 15. Kada a share da tsintsiya, tana watsa hodar. A kwashe gilashin da guntun kwali, a bi wurin da salatif ko jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba mai murfi ko leda biyu a ɗaure, a wanke hannu. Kada a jefa shi inda ake ƙona shara, kada kuma a bar wa yara dogon ƙwai su yi wasa da shi.

Jan ƙwai kuwa saura masa wuraren da zafinsa ake nema. Fitilar cikin oben ta musamman ce mai jure zafi, LED ba zai rayu a can ba. Gilashin mai sayar da tsire ko fanke da ake son ya zauna da ɗumi, shi ma jan ƙwai ne. Haka masu kiwon kaji: 'yan tsaki a makon farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, kuma LED ba zai ba su ba. A rataye ƙwan da holdar tangaran, nesa da buhu da ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa musu, sannan a duba tsakin. In sun cure a ƙarƙashinsa, sanyi suke ji, a sauko da shi kaɗan. In sun gudu bango suna haki, a ɗaga shi sama.